Fleury: Ƙauyen Da Ba Kowa, Amma Yana Da Magajin Gari

A lardin Meuse da ke arewa maso gabashin ƙasar Faransa akwai wani ƙauye da ake kira Fleury-devant-Douaumont. Sunansa yana nan daram cikin kundin ƙananan hukumomin ƙasar, yana da iyakokinsa a taswira, yana da ɗan kasafin kuɗinsa na shekara, har ma da magajin gari wanda kan rataya ɗamarar nan mai launi uku ta jamhuriya a ranar taro. Abu guda ne kawai ya rasa, wato mutane. Adadin mazaunansa a yau sifiri ne. Babu gida ko ɗaya a tsaye, babu gona, babu turken saniya. Amma a shekarar 1913 mutum 422 ne ke kwana suna tashi a cikinsa.

Na zaɓi in kawo wa mai karatu labarin wannan ƙauye ne domin idan ana zancen Yaƙin Duniya na Ɗaya, hankali yakan tafi ga sarakuna da janar-janar da alƙaluman matattu. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ya sami manomin da aka yi yaƙin a kan gonarsa ba. Fleury amsa ce ga wannan tambaya, kuma amsar tana da ɗaci.

Yadda ƙasar take

Ba za a fahimci abin da ya sami Fleury ba sai an fahimci inda Allah Ya ajiye shi. Kogin Meuse yana tasowa ne daga tudun Langres, ya miƙa arewa ya ratsa Beljiyam da Holan kafin ya faɗa teku. A gaɓar wannan kogi birnin Verdun yake, cikin kwari, tsohon gari ne ƙwarai, domin a nan ne a shekarar 843 jikokin Sarki Charlemagne su uku suka raba daular kakansu, rabon da daga cikinsa Faransa da Jamus suka samo asali. Gabas da kogin akwai wani dogon tudu na dutsen farar ƙasa da ya bi kogin kafaɗa da kafaɗa, wanda ƙololuwarsa ta kusa mita 400 daga doron teku, alhali shi birnin yana wajen mita 200. Idan aka gangara bayan tudun ta gabas, sai a faɗa wani shimfiɗaɗɗen fili mai laka da ake kira Woëvre, wanda ya miƙa zuwa wajen birnin Metz.

A kan wannan tudu Fleury yake, 'yan kilomitoci kaɗan arewa maso gabas da Verdun, kuma faɗin ƙasarsa bai wuce murabba'in kilomita 10 da 'yan kai ba. Kwazazzabai masu zurfi sun tsattsaga tudun ta ko'ina, wasu sun gangara wajen kogi, wasu wajen fili. Ga manomi, wannan yanayi alheri ne daidai gwargwado: saman tudu na alkama da sauran hatsi, gangare na kiwo, daji na itacen wuta da katako, ga maɓuɓɓugan ruwa a gindin kwazazzabai. Mutanen ƙauyen manoma ne da masu aikin itace, sai 'yan masu sana'ar hannu irin waɗanda ba a rasawa a kowace karkara. Suna da cocinsu da makarantarsu da wurin wanki na jama'a, har da ƙaramar tashar jirgin ƙasa.

Amma abin da manomi ya gani ya ce gona, soja ya gani ya ce mafaka. Duk wanda ya mallaki wannan tudu, Verdun tana ƙarƙashin bakin bindigarsa. Ita kuwa Verdun ƙofa ce a kan hanyar da ta taso daga Jamus zuwa Paris.

Maƙwabtaka da ganuwa

A yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamusawa suka ci Faransa, suka ƙwace yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, har da birnin Metz. Dare ɗaya sai iyakar ƙasa ta matso kusa da Verdun. Ganin haka gwamnatin Faransa ta ɗora wa Janar Séré de Rivières aikin gina jerin sansanoni masu ganuwa a duk tsawon sabuwar iyakar, kuma Verdun ta sami kaso mai tsoka. Aka gina sansanin Souville kudu da Fleury, aka gina na Vaux ta gabas, aka gina na Douaumont, wanda ya fi su duka girma, ta arewa, sannan ga ƙananan matsaran Thiaumont da Froideterre ta arewa da yamma. Sai ƙauyen ya wayi gari a tsakiyar da'irar ƙarfe da kankare.

A wancan lokaci abin ya zo wa mutanen ƙauyen da ciniki. Magina da leburori da sojoji suka cika yankin shekara da shekaru, ana sayen burodi da madara da itace, ana gyara hanyoyi. Ina jin babu wanda zai ga laifin manomin da ya ɗauka cewa zama kusa da ganuwa shi ne zama cikin aminci. Abin da bai hango ba shi ne, ganuwa ba kāriya kaɗai take yi ba, kiran maƙiyi ma take yi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan kuwa wasu ne suka ja ruwan a Paris da Berlin, ya zo ya doki wanda bai ji ba bai gani ba.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agustan 1914, aka kwashe mazajen ƙauyen zuwa soja kamar sauran mazajen ƙasar. Fagen daga ya tsaya 'yan kilomitoci arewa da ƙauyen, kuma kusan shekara ɗaya da rabi yankin bai ga wani babban gumurzu ba. Hasali ma, a watan Agustan 1915 hedkwatar sojan Faransa ta yanke shawarar cewa zamanin ganuwa ya wuce, bayan ta ga yadda manyan bindigogin Jamus suka farfasa sansanonin Beljiyam. Sai aka kwashe akasarin bindigogin igwa da dakarun da ke sansanonin Verdun aka kai wasu wurare. Ganuwar da ta jawo hankalin maƙiyi ta zama fanko a daidai lokacin da ake bukatarta.

Ranar da aka tashi ƙauyen

Da safiyar 21 ga Fabrairu, 1916, bindigogin igwa na Jamus sama da 1,200 suka buɗe wuta, kuma ana ƙiyasta cewa a wannan yini kaɗai an harba harsashi kusan miliyan guda. Babban hafsan sojan Jamus, Janar Erich von Falkenhayn, shi ya tsara harin, rundunar da ta kai shi kuma tana ƙarƙashin Yarima Wilhelm mai jiran gado. Bayan yaƙi Falkenhayn ya yi iƙirarin cewa tun farko nufinsa ba cin Verdun ba ne, so yake ya jawo sojan Faransa wuri guda ya tsiyaye jininsa. Masana tarihi da dama suna kallon wannan magana a matsayin borin kunya, domin ba a taɓa samun takardar da ya ce ya rubuta wa sarkinsu a kan haka ba.

Ko ma mene ne nufinsa, sakamakon ɗaya ne ga mutanen Fleury. Aka umarce su da su tashi. Cikin dusar ƙanƙara tsofaffi da mata da yara suka gangara wajen Bras-sur-Meuse da Verdun. Ba su sake kwana a ɗakunansu ba.

Ranar 25 ga Fabrairu sansanin Douaumont ya faɗa hannun Jamusawa kusan ba tare da faɗa ba, domin 'yan tsirarun mutane ne a cikinsa. Nan take aka danƙa wa Janar Philippe Pétain tsaron Verdun. A ƙauyen Douaumont da ke maƙwabtaka ne aka raunata wani kyaftin mai suna Charles de Gaulle aka kama shi ranar 2 ga Maris. Pétain ya dogara da hanyar mota guda ɗaya tak daga Bar-le-Duc, mai tsawon kilomita 70 da ɗoriya, wadda manyan motoci ke bi dare da rana suna kai mutum kimanin 90,000 da kaya tan 50,000 a kowane mako. Ya kuma ɓullo da tsarin karɓa-karɓa, ana sauya rundunoni kafin su ƙare ƙurmus, abin da ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na sojan Faransa suka ɗanɗana wutar Verdun. Wannan ne ya sa da wuya a sami gida a Faransa da sunan wurin bai taɓa shi ba.

Sau goma sha shida

Ranar 7 ga Yuni sansanin Vaux ya miƙa wuya, ba don harsashi ya ƙare ba, sai don ƙishirwa ta ci ƙarfin Manjo Raynal da mutanensa. Da faɗuwar Vaux sai ya zamana tudun Fleury da sansanin Souville suna cikin 'yan shingayen da suka rage tsakanin Jamusawa da birnin. A daren 22 ga Yuni suka yi ruwan harsasai masu iskar guba sama da 100,000 a kan bindigogin Faransa, washegari kuma suka kutsa suka kama Thiaumont da Fleury. Ranar 12 ga Yuli wasu 'yan tsirarun sojan Jamus suka hau har saman Souville, inda ake hango Verdun a ƙasa, kafin a fatattake su. Iyakar inda suka kai ke nan a duk tsawon yaƙin, domin tun 1 ga Yuli Ingila da Faransa sun buɗe wani sabon fage a kogin Somme, dole Jamus ta raba ƙarfinta.

Tsakanin 23 ga Yuni da 18 ga Agusta, ƙauyen Fleury ya sauya hannu har sau 16. Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna wannan adadi. Duk lokacin da ɓangare guda ya kama wurin, sai ɗaya ɓangaren ya juyo da dukkan bindigoginsa a kansa. Da fari rufin gidaje ya tafi, sannan bango, sannan harsashin ginin kansa. Hotunan da aka riƙa ɗauka daga jirgin sama sun nuna yadda titunan ƙauyen suka riƙa dusashewa, har ya rage sai wani ɗan farin tabo a cikin laka. Samari dubbai suka mutu a kan mallakar wurin da ko inuwar da akuya za ta fake babu.

Akwai wani abin takaici da ya faru a nan wanda bai kamata a tsallake ba. A farkon watan Yuni, wasu ƙananan hafsoshi biyu na Faransa, Henri Herduin da Pierre Millant, suka janye da 'yan mutanen da suka rage musu daga wajen Thiaumont bayan an kusa ƙarar da rundunarsu. Ranar 11 ga Yuni aka bindige su a Fleury bisa zargin gudu daga fagen fama, ba tare da an gurfanar da su gaban kowace kotu ba. Sai a 1926 kotu ta wanke su, a 2009 kuma aka kafa musu dutsen tunawa a ƙauyen. Gaskiya ta yi halinta, amma bayan an binne masu ita.

Jinin Afirka a tudun Meuse

Rundunar da ta ƙwato Fleury a karo na ƙarshe ranar 18 ga Agusta ita ce wadda ake kira Rundunar Mulkin Mallaka ta Maroko, wadda duk da sunanta akasarin sojojinta Faransawa ne. Amma ranar 24 ga Oktoba, lokacin da aka tashi daga wannan yanki aka ƙwato sansanin Douaumont ƙarƙashin Janar Charles Mangin, tare da ita akwai bataliya ta 43 ta sojan da ake kira 'yan Senegal, da wasu rukunoni na Somalawa daga Jibuti. Sunan Senegal kuwa laƙabi ne kawai da aka yi wa duk baƙar fatar da aka ɗebo daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Shi Mangin tun 1910 ya wallafa littafi yana kira da a mai da Afirka rumbun sojan Faransa. A tsawon yaƙin an ɗebi irin waɗannan sojoji kusan 200,000, da yawansu a kan tilas, kuma kimanin 30,000 ba su koma gida ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin lura shi ne, a cikin watan Disambar 1916 da aka kawo ƙarshen yaƙin Verdun, a cikinsa ne Kaocen da Abzinawa suka yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas, ƙawanyar da ba a karya ba sai a watan Maris na 1917. Wato a lokaci guda wasu 'yan Afirka na mutuwa domin ƙwato wa Faransa ƙasarta, wasu kuma na mutuwa domin ƙwato tasu daga hannun Faransa.

An daina gumurzun Verdun ranar 18 ga Disamba, bayan kimanin kwana 300. Waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda suka ɓace daga ɓangarorin biyu sun haura 700,000, matattu da ɓatattu kaɗai kimanin 300,000. Bayan duk wannan, fagen daga ya koma kusan inda yake a watan Fabrairu.

Ƙasar da ta ƙi warkewa

Da aka tsagaita wuta a 1918, hukuma ta auna yankunan da aka yi yaƙi ta kasa su kashi-kashi. Waɗanda suka fi lalacewa aka shafa musu jan launi a taswira, aka ce kuɗin gyara su ya fi darajarsu. A duk ƙasar, wannan jan yanki ya kai kimanin hekta 120,000, kuma Fleury yana tsakiyarsa. Ana ƙiyasta cewa harsasan igwa miliyan 50 zuwa 60 aka harba a Verdun, kuma kaso mai yawa bai fashe ba, yana nan kwance cikin ƙasa tare da gawarwakin mutane da na dawakai. Bisa dokar diyya ta 1919 gwamnati ta saye filayen, ta biya masu su, suka watsu a wasu garuruwa. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka shiga dasa itatuwa, har aka sami dajin da ya kai kimanin hekta 10,000 a inda dā gonaki ne da makiyaya.

Ƙauyuka tara ne aka shafe a wannan yanki, shida daga cikinsu kuma babu mazauni ko ɗaya a yau: Beaumont, Bezonvaux, Cumières, Haumont, Louvemont da Fleury. Ana kiransu ƙauyukan da suka mutu domin Faransa, laƙabin da asali soja ake ba wa. Wata doka ta Oktoban 1919 ce ta tanadi cewa kantoman lardi zai naɗa kwamitin mutum uku ga kowannensu, shugaban kwamitin kuma shi ke matsayin magajin gari. Aikinsa share hanya, kula da wurin ibada da dutsen tunawa, da karɓar baƙi. Ko da Jamusawa suka dawo a watan Yunin 1940 suka ci Verdun cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ba su tarar da abin rusawa a Fleury ba.

Wanda ya je wurin a yau zai ga ƙasa ta yi tudu da kwari kamar an daskarar da igiyar ruwa, ciyawa ta rufe ramukan harsasai. An fitar da sawun tsofaffin tituna, an kakkafa 'yan ginshiƙai masu rubutu: nan gidan manomi ne, nan makaranta, nan gidan mai burodi. A gurbin tsohon cocin akwai wata 'yar majami'a da aka gina a shekarun 1930, a gurbin tashar jirgin ƙasa kuma gidan tarihin Verdun da aka buɗe a 1967. A cikin iyakar ƙauyen ne babbar maƙabartar soja take, mai kabari sama da 16,000, daga ciki akwai 592 na Musulmi da aka fuskantar da su alƙibla. A saman maƙabartar akwai gidan ƙasusuwa na Douaumont da aka buɗe a 1932, inda aka tara ragowar mutum kimanin 130,000, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe, tunda ƙashi ba ya nuna tuta. A gabansa ne Shugaba Mitterrand da Helmut Kohl na Jamus suka riƙe hannun juna a 1984. A 2006 Shugaba Chirac ya buɗe ginin tunawa da sojoji Musulmi, shekara 90 bayan yaƙin, a 2023 kuma hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Ita kuwa ƙasa har yau ba ta gama amayar da abin da aka ɗura mata ba. A 2013 aka tono ƙasusuwan sojan Faransa 26 a gurbin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Fleury. Masu kwance bama-bamai na gwamnati suna tattara ɗaruruwan tan na tsofaffin harsasai duk shekara a faɗin ƙasar. A wani fili cikin daji arewa maso gabas da Verdun, inda aka ƙona harsasan guba a shekarun 1920, gubar arsenik ta yi yawan da kusan babu abin da ke tsirowa. A 2015 ma sai da hukuma ta hana wasu manoma a arewacin lardin sayar da amfanin gonarsu saboda gurɓatar ƙasa daga irin wannan aiki.

Abin da na ɗauka

A ganina, babban darasin Fleury shi ne cewa ranar da aka sa hannu a takardar sulhu ba ita ce ranar da yaƙi ke ƙarewa ga manomi ba. Soja yakan ajiye bindiga ya koma gida, ɗan siyasa ya koma majalisa, amma gona ba ta da inda za ta koma. Watanni biyu aka yi ana kokawa a kan ƙauyen nan. Sama da shekara ɗari ke nan ba a sake girbe damin alkama ɗaya a cikinsa ba. Faransa ƙasa ce mai arziki da injiniyoyi, kuma ita ta yi nasara, amma duk da haka ta duba wannan ƙasa ta ce ta fi ƙarfinta.

Sai dai akwai abin yabo a yadda suka ƙi yarda sunan ya mutu. Da sauƙi a goge ƙauyen daga kundi a haɗe ƙasarsa da ta maƙwabta, kuma da an yi haka, da yanzu babu mai tuna cewa an taɓa yin wani wuri wai shi Fleury. Naɗa magajin gari ga kufai yana iya zama abin dariya ga wani, amma ni ina ganinsa a matsayin amincewar hukuma cewa akwai bashi a kanta wanda diyyar kuɗi ba ta biya ba. Duk da haka, ko a wannan tunawa akwai rashin daidaito. Soja yana da hasumiya mai tsawon mita 46 da shugabannin ƙasashe ke zuwa gabanta. Manomin da aka tasa cikin dusar ƙanƙara kuwa ɗan ginshiƙi ne rabonsa, wanda bai kai ƙugu ba.

Saboda haka duk inda na ji masu faɗa a ji suna zancen yaƙi kamar wasan dara, suna cewa a kama tudu kaza, a riƙe mashiga kaza, nakan tuna cewa a kan kowane tudu akwai mai gona, kuma ba a taɓa neman shawararsa. Mutanen Fleury ba su da hannu a rikicin Alsace, ba su zaɓi inda za a gina ganuwa ba, ba su san abin da ke cikin zuciyar Falkenhayn ba. Laifinsu kawai shi ne kakanninsu sun sari daji a wuri mai tudu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.